A Ba Mataimaki Kujerar, Amma A Ba Shi Da Gaske

Duk lokacin da babban koci ya bar ƙungiyar da ke kan ganiyarta, gardama ɗaya ce ke tashi a gidajen kallo da majalisu: a ɗauko wani mai suna daga waje, ko a ba mataimakin da ya daɗe yana zaune kusa da shi a benci? Yawancin mutane na waje suke so. Magoya baya na neman sunan da za su yi wa abokan hamayya gori da shi. Shugabannin ƙungiya kuma na neman wanda in abu ya ɓaci za su ce ai mun kawo gwani, shi ne ya gaza. Ni ba na tare da su. Idan ƙungiya tana cin kofuna, 'yan wasanta sun san aikinsu, to mataimaki ne ya kamata a fara dubawa kafin kowa. Kuma da yawa daga cikin mataimakan da ake cewa sun gaza, in ka bi labarinsu daki-daki, za ka tarar rabin aikin aka damƙa musu.

Hujjata ta farko Bob Paisley ne. A watan Yulin 1974 Bill Shankly ya girgiza birnin Liverpool da sanarwar ajiye aiki. Shi ne mutumin da ya tarar da ƙungiyar a rukuni na biyu a 1959, ya dawo da ita sama, ya ci gasar Ingila sau uku, kuma watanni biyu kacal kafin sanarwar ya ɗauki kofin FA bayan lallasa Newcastle da ci 3 da nema. Wanda aka ba kujerarsa mutum ne mai shekara 55, mai ƙarancin magana, wanda ko a gaban 'yan jarida ba ya iya tsara zance. Paisley ya shigo Liverpool tun 1939. Ya buga mata wasa, ya horar da 'yan ƙaramar ƙungiya, ya yi aikin duba masu rauni, sannan ya zama hannun daman Shankly. Shi da kansa bai so aikin ba, sai da aka matsa masa. Kakarsa ta farko bai ci komai ba, ya ƙare a na biyu bayan Derby County. Shugabannin ƙungiyar ba su ɗaga hankali ba. A shekara tara da ya yi, ya ci gasar Ingila sau 6, kofin Zakarun Turai sau 3 (1977, 1978 da 1981), kofin UEFA sau ɗaya, da kofin League sau 3. Shankly da duk girmansa bai taɓa ɗaga kofin Zakarun Turai ba.

Da Paisley ya sauka a 1983 aka sake yin haka, aka ba mataimakinsa Joe Fagan. A kakar farko Fagan ya haɗa kofi uku: gasar Ingila, kofin League, da na Zakarun Turai da ya ci a hannun Roma a cikin birnin Roma, a bugun fenariti.

Ba sa'a ce ta yi wannan ba. A filin Anfield akwai wani ɗan ƙaramin ɗaki da ake ajiye takalman 'yan wasa, nan Paisley da Fagan da Ronnie Moran da Reuben Bennett suke zama bayan wasa suna tattauna abin da suka gani. Suna da littattafan da suke rubuta atisayen kowace rana, da raunin da kowa ya ji, da yanayin fili. In ƙungiya ta shiga wani hali, sai a buɗe littafi a ga yadda aka fita daga irinsa a baya. Wannan ilimin ne dukiyar ƙungiya mai nasara, kuma ba a kan babban koci kaɗai yake ba. Mataimaki ya san ɗan wasan da sai an yi masa tsawa yake motsi, ya san wanda in ka daka masa tsawa a gaban jama'a ka rasa shi har mako biyu. Ya san wanda ke ɓoye ciwon gwiwa don kada a ajiye shi, da wanda matsalar gida ta hana barci. Ya san dalilin da ya sa ake sassauta atisaye a wata rana, da wane ne ke faɗa a ji a ɗakin sauya kaya ko da ba shi ne kyaftin ba. Baƙo, komai ƙwarewarsa, sai ya ci wata shida ko fiye kafin ya gane waɗannan, kuma a ƙungiyar da ta saba da kofi babu mai ba ka wata shida.

Amma abin da na fi so a lura da shi a labarin Paisley wani ne daban. Bayan Shankly ya ajiye aiki, sai ya kasa zaman gida. Ya ci gaba da zuwa filin atisaye na Melwood, 'yan wasa na kiransa maigida kamar da, shi kuma Paisley suna kiransa da sunansa. Ƙungiyar ta ga inda abin zai kai, aka nuna wa Shankly cewa lokacinsa a wurin ya wuce. Abin ya yi masa ciwo har ƙarshen rayuwarsa a 1981, kuma har yau akwai magoya bayan Liverpool da ke ganin ba a kyauta masa ba. Ni ma ina jin zafin abin, don mutumin ya gina gidan da hannunsa. Duk da haka ina ganin wannan hukuncin ne ya ba Paisley damar zama koci. Da an bar Shankly yana yawo a Melwood, da kowane ɗan wasan da aka ajiye a benci ya san ƙofar da zai kai ƙara.

Wanda ke shakkar haka ya dubi abin da ya faru a Manchester United shekara biyar kafin Shankly ya sauka. Matt Busby ya ci kofin Zakarun Turai a 1968 bayan doke Benfica 4 da 1 a Wembley, ya sauka a 1969. Aka ɗauko Wilf McGuinness, ɗaya daga cikin masu taimaka masa, mai shekara 31 kacal. Da farko ko sunan manaja ba a ba shi ba, babban mai horarwa aka kira shi, Busby kuma ya zama janar manaja, yana nan a ofishinsa a Old Trafford. McGuinness sa'an Bobby Charlton ne, tare suka taso a ƙungiyar. Yanzu an ce ya ba Charlton da Denis Law da George Best umarni, alhali wanda suka ɗauka uba yana zaune a ɗakin da ke kusa. Ya kai wasan kusa da na ƙarshe har sau uku a kofunan cikin gida, amma a Disambar 1970, bayan Aston Villa da ke rukuni na uku ta fitar da su daga kofin League, aka sauke shi, Busby ya dawo riƙon ƙwarya. A 1974 United ta faɗi rukuni na biyu, kuma ba ta sake cin gasar Ingila ba sai 1993.

Duk wanda ya san kasuwa ya san irin wannan. Maigida ya ce ya bar wa babban yaronsa shago, amma kullum yana kan benci a bakin ƙofa, makullin durowar kuɗi na aljihunsa. Masu saye za su gaida yaron, ciniki kuwa da maigida za su yi, in an yi asara kuma a ce yaron bai iya ba.

To sai dai ba zan ɗora wa shugabanni laifi duka ba, domin akwai abin da ke wuyan mataimakin kansa, kuma nan ne da yawa ke faɗuwa. Aikin mataimaki aikin sassauci ne. Shi ne wanda ɗan wasa ke zuwa wurinsa ya yi ƙorafin babban koci, shi ke lallashi, shi ke dariya da su a mota. Ranar da ya hau kujera, shi ne zai kira wanda suka yi shekara biyar suna raha ya ce masa ba ka cikin jerin masu buga wasan gobe, ko ma ya ce masa nemi wata ƙungiya. Ba kowa ke da wannan zuciyar ba, kuma rashinta ba aibi ba ne, sai dai mai rashinta bai dace da kujerar ba.

Paisley yana da ita, duk da shiru-shirunsa. Da Kevin Keegan ya tafi Hamburg a 1977, ya sayo Kenny Dalglish daga Celtic a kan fam 440,000, kuma Dalglish ne ya ci ƙwallon da ta ba su kofin Turai a shekarar da ta biyo baya. Ya kawo Alan Hansen daga Partick Thistle, Graeme Souness daga Middlesbrough, Ian Rush daga Chester. Ya mayar da Ray Kennedy daga gaba zuwa tsakiya ta hagu. A 1981 mai tsaron raga Ray Clemence ya tafi Tottenham, ya sa Bruce Grobbelaar, ya kuma jure kurakuransa na farko. A ƙarshen shekarar, Liverpool na matsayi na 12, ya karɓe kambun kyaftin daga Phil Thompson, ɗan gari kuma wanda ya ɗaga kofin Turai watanni kaɗan kafin nan, ya ba Souness. Suka ƙare kakar a matsayin zakaru. Ƙungiyar da Paisley ya bari a 1983 kusan babu wanda ya gada daga Shankly a cikinta. Ya riƙe tsarin, ya sauya mutanen.

Ray Harford bai yi haka ba. Shi ne mataimakin Dalglish, wanda ya zama kocin Blackburn, lokacin da ƙungiyar ta ci Firimiya a 1995, kuma kowa ya shaida ƙwarewarsa a filin atisaye. Dalglish ya koma daraktan ƙwallo, Harford ya hau. Ya bar ƙungiyar kusan yadda ya same ta, yana ganin waɗanda suka ci kofi sun cancanci su kare shi. Suka ƙare a na bakwai. A gasar Zakarun Turai wasa ɗaya suka ci cikin shida, har 'yan wasansa biyu, David Batty da Graeme Le Saux, suka ba hammata iska a tsakiyar fili a Mosko, duniya na kallo. Alan Shearer ya tafi Newcastle a kan fam miliyan 15, Harford kuma ya ajiye aiki a Oktobar 1996 ba tare da ya ci ko wasa ɗaya a gasar sabuwar kakar ba.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne a auna mataimaki da kakarsa ta farko, ko ta yi kyau ko ta yi muni. Ƙungiyar da ta saba da nasara takan iya tafiya shekara guda da ƙarfin da aka bar mata. Roger Lemerre ya gaji Aimé Jacquet bayan Faransa ta ci kofin duniya a 1998, ya ci kofin Turai a 2000 da kusan mutanen nan dai. Da aka je kofin duniya na 2002 da ginshiƙan da suka fara tsufa, Senegal ta doke su 1 da nema a wasan farko, suka koma gida ba su ci ko ƙwallo ɗaya ba. Jarrabawar gaskiya tana zuwa ne a shekara ta biyu ko ta uku, lokacin da ƙafafun gwaraza suka yi nauyi. Tito Vilanova, wanda ya gaji Pep Guardiola a Barcelona a 2012, ya ci La Liga da maki 100, amma ciwon daji bai bar shi ya kai wannan jarrabawar ba. Ya sauka a 2013, ya rasu a Afrilun 2014 yana da shekara 45. Duk lokacin da na tuna shi sai in ji tausayi, don alamu sun nuna yana da abin da ake nema.

Jamus ce ta nuna abin da haƙuri ke haifarwa. Joachim Löw mataimakin Jürgen Klinsmann ne lokacin da suka zo na uku a kofin duniya na 2006. Aka ba shi. Ya sha kashi a wasan ƙarshe na kofin Turai a 2008, ya tsaya a wasan kusa da na ƙarshe a 2010 da 2012. Hukumar ƙwallon ƙasar ba ta taɓa shi ba. Shekara takwas bayan naɗinsa ya ci Brazil 7 da 1 a gidanta, ya ɗauki kofin duniya. A nahiyarmu ma, da Pitso Mosimane ya bar Mamelodi Sundowns zuwa Al Ahly a 2020, mataimakansa Manqoba Mngqithi da Rhulani Mokwena aka ba, ƙungiyar kuma ta ci gaba da lashe gasar Afirka ta Kudu shekara bayan shekara.

Na san abin da masu ja da ni za su kawo: Arne Slot. Jürgen Klopp ya bar Liverpool a 2024, mataimakinsa Pep Lijnders ya tafi Salzburg inda aka sallame shi kafin shekarar ta ƙare, Slot kuma, baƙo daga Feyenoord, ya zo ya ci Firimiya a kakarsa ta farko. Gaskiya ne, ba na musu. Amma a duba yadda Slot ya yi a wannan kakar. Bai rusa komai ba. Ɗan wasa ɗaya tak, Federico Chiesa, ya shigo babbar tawagar, ya bar Salah da Van Dijk da Alisson a inda ya same su, ya yi 'yan gyare-gyare a tsakiya. Baƙo ne da ya yi aiki irin na ɗan gida. A kwatanta shi da David Moyes, wanda ya gaji Alex Ferguson a 2013 a Manchester United, ƙungiyar da ta ci Firimiya da tazarar maki 11. Yana zuwa ya rabu da Mike Phelan da René Meulensteen da Eric Steele, ya kawo nasa mutanen daga Everton. Ilimin shekaru ya fice ta ƙofa cikin 'yan makonni. Bai cika shekara ba aka sallame shi, United ta ƙare a na bakwai. Ba na cewa Phelan zai zama wani Paisley. Abin da nake cewa shi ne, ƙungiyar ta zubar da abin da ya fi komai wahalar saye.

Wannan maganar ta shafe mu 'yan Najeriya kai tsaye, don mun yi namu a 2024. Super Eagles ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a watan Fabrairu, ta sha kashi 2 da 1 a hannun Kwadebuwa. Wanda ya doke mu, Emerse Faé, shi ma mataimaki ne makonni uku kafin nan. An ba shi riƙon ƙwarya a tsakiyar gasa bayan sallamar Jean-Louis Gasset, da ya ci kofin kuma aka tabbatar masa da aikin. Mu kuwa José Peseiro ya tafi, aka bar mataimakinsa Finidi George yana riƙo. Finidi ba ɗan koyo ba ne. Ya ci kofin Afirka a 1994 yana ɗan wasa, ya ci kofin Zakarun Turai da Ajax a 1995, ya kai Enyimba ga lashe gasar Najeriya a 2023 yana koci. Sai ƙarshen Afrilu hukumar ƙwallon Najeriya, NFF, ta tabbatar da shi, saura 'yan makonni a buga wasannin neman gurbin kofin duniya. Ya yi kunnen doki 1 da 1 da Afirka ta Kudu a Uyo, Jamhuriyar Benin ta doke shi 2 da 1 a Abidjan, duka ba tare da Victor Osimhen ba. Kwanaki kaɗan bayan haka hukumar ta sanar da cewa za ta ɗauko mai ba da shawara kan fasaha daga ƙasar waje, wato wanda zai zauna a samansa. Finidi ya ajiye aiki.

Sakamakon wasannin nan biyu bai yi daɗi ba, ni ma na ji haushi a daren Abidjan. Amma a tuna cewa kafin Finidi, a hannun Peseiro, wannan tawagar ta yi kunnen doki da Lesotho da Zimbabwe a wannan rukunin, ba a ɗora masa kowa a kai ba. Kuma bayan tafiyar Finidi me ya biyo? An sanar da Bruno Labbadia a watan Agusta, yarjejeniyar ta wargaje cikin kwanaki. Augustine Eguavoen ya yi riƙo. Sai Janairun 2025 aka naɗa Eric Chelle. An shafe fiye da rabin shekara ana neman wanda zai maye gurbin mutumin da aka yanke wa hukunci da wasa biyu. Zai yiwu da an bar Finidi ya gaza. Zai yiwu kuma ya tsaya da ƙafafunsa. Ba a ba shi damar da za a iya sanin ko wanne ba, kuma wannan ne ya fi damuna, domin kowane kocin gida da ke kallo ya fahimci cewa naɗinsa na wucin gadi ne ko da takarda ta ce akasin haka. 'Yan wasa ma sun fahimta, kuma ɗan wasan da ya san kocinsa ba zai daɗe ba, ba ya jin maganarsa.

Ban ce kowane mataimaki a ɗora shi ba. Ƙungiyar da ta ruɓe tana buƙatar baƙon ido, don wanda ya daɗe a ciki ya saba da ɓarnar har ya daina ganinta. Akwai kuma mataimakin da shi kansa ya san a fili ne gwaninta take, bai iya ɗaukar surutun 'yan jarida da na shugabanni ba. Irin wannan a ƙara masa albashi a riƙe shi a inda yake, kada a kunyata shi da kujerar da za ta karya shi. Amma inda ƙungiya ke cin wasa kuma akwai na gida da ya nuna zai iya cewa a'a ga babban ɗan wasa, babu dalilin tsallake shi.

Kirana ga hukumar NFF da masu tafiyar da ƙungiyoyin gasarmu ta cikin gida, inda sau da yawa koci ke tafiya da duk mutanensa a bar ƙungiya ta fara daga farko, shi ne su fara shirya magaji tun maigidan yana nan. A tura mataimaki ya yi kwas ya sami lasisin CAF, a bar shi ya jagoranci wasu wasannin, a gwada shi da ƙaramar ƙungiya. Ranar da aka naɗa shi, a rubuta masa kwantiragin da bai gaza shekara biyu ba, a biya shi kamar yadda za a biya baƙo, a bar shi ya zaɓi masu taimaka masa da 'yan wasansa, tsohon kocin kuma a yi masa sallama ta girma ya koma gida. Hukumar da ta san ba za ta iya cika waɗannan ba, kada ta naɗa mataimaki tun farko.